Uban ya riƙe bulala, wa ya riƙe alƙalami?

Duk lokacin da hirar Jackson 5 ta tashi, wato ƙungiyar mawaƙan Amurka ta 'yan gida ɗaya su biyar da Michael Jackson ya fito daga cikinta, ba a jimawa sai ta koma kan mahaifinsu. Wasu su tsine wa Joe Jackson, su ce azzalumi ne da ya mai da 'ya'yan cikinsa jari. Wasu kuma, galibi iyaye maza masu ra'ayin mazan jiya, su ce a bar dattijo ya huta a kabarinsa, ba don bulalarsa ba da Michael ya ƙare a masana'antar ƙarfe kamar 'ya'yan maƙwabta. Ni wannan musu ya ishe ni, domin ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya ba su lura ba. Dukansu sun ɗauka uban ne ya yi komai, shi ya gina, shi ya rusa. Su kuwa waɗanda suka rubuta takarda, suka yanke kaso, suka tara riba, ba mai nuna su da yatsa.

A ɗauki waƙar da ta fito da su duniya, "I Want You Back", wadda kamfanin Motown ya saki ranar 7 ga Oktoba 1969. Ba ta cika minti uku ba. Da fiyano take buɗewa, an ja yatsa a kansa tsawon layi guda, sai jitar bes ta shigo tana hawa tana sauka, ba ta tsaya raka ganga kawai ba, waƙarta take yi ita ma. Jita ta biyu na ta kaɗa abu ɗaya a saman kiɗan ba hutu. Daga nan muryar yaro ta faɗo, siririya, mai kaifi, kuma ba da rarrashi ta fara ba, da kuwwa ta fara. Abin da yaron ke faɗa shi ne ya wulaƙanta budurwarsa lokacin da take hannunsa, bai san darajarta ba sai da ya hango ta tare da wani, yanzu ya dawo yana roƙo. Nadama ce irin ta magidanci. Mai rerawar kuwa shekararsa 11. In ka saurari ƙarshen waƙar, inda yayyensa ke amshi shi kuma yana ta ƙwala ihu a tsakaninsu, za ka rantse ya taɓa rasa mace. Ranar 31 ga Janairu 1970 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, uku da suka biyo ta ma, "ABC" da "The Love You Save" da "I'll Be There", duk suka hau. Kafin su babu ƙungiyar da ta taɓa yin haka da waƙoƙinta huɗu na farko a jere.

To, wa ya ƙera wannan waƙa? Joe Jackson bai rubuta ko harafi ɗaya a cikinta ba. A jikin faifan an rubuta cewa masu waƙar su ne The Corporation, suna ba na mutum ba. Mutum huɗu ne a ƙarƙashinsa: Freddie Perren, Alphonzo Mizell, Deke Richards, da mai kamfanin kansa, Berry Gordy. Tun asali ma ba don yaran aka tsara ta ba, mawaƙiya Gladys Knight aka nufa da ita, da wani suna daban, Gordy ya ji kiɗan ya ce a sake mata kalmomi, a mai da ita labarin ƙaramin yaro da ya rasa yarinyarsa. Kiɗan da ke tsuma mutane har gobe ba hannun 'yan gidan Jackson ba ne. Tito da Jermaine, yayyen Michael, sun iya jita, su ke kaɗawa a gaban jama'a, amma a ɗakin ɗaukar sauti na Los Angeles ba a bar su sun taɓa ba. Ƙwararrun makaɗa aka ɗauko haya. Bes ɗin nan da ake yabo na Wilton Felder ne, wanda aka fi sani da busa a ƙungiyar Jazz Crusaders.

Shi kansa sunan The Corporation akwai dalilinsa. Shekaru kaɗan kafin nan, mutum uku da suka rubuta wa Motown mafi yawan waƙoƙinta da suka yi kasuwa, Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, sun yi rigima da Gordy a kan kuɗi, sun fice, an ƙare a kotu. Sunansu ya riga ya yi girman da za su iya tsayawa su yi ciniki. Gordy ya ɗauki darasi: daga yanzu ba za a sake barin marubuci ya yi sunan da zai ɗaga wa kamfani murya ba. Mutumin da ya yi wa manya masu gemu irin wannan lissafi, me kake jin zai yi wa yara biyar da suka fito daga gida mai ɗaki biyu a garin Gary na jihar Indiana?

Har labarin yaran sai da aka sake masa zubi. An rage wa Michael shekara biyu a gaban 'yan jarida domin ya ƙara ba da mamaki. An ce Diana Ross, tauraruwar ƙungiyar Supremes ta Motown, ce ta gano su, aka sa sunanta a kan kundinsu na farko. Gaskiya kuwa Bobby Taylor ne, wani mawaƙin Motown, ya gan su a gidan wasa na Regal da ke Chicago a 1968, ya kai su Detroit aka gwada su, Gladys Knight ma ta riga ta yi maganarsu tun kafin nan. Amma Diana na shirin barin Supremes ta tsaya da ƙafarta, tana bukatar a riƙa jin sunanta, don haka aka ba ta. Aka zaunar da yaro aka koya masa abin da zai ce in an tambaye shi shekarunsa, da wadda zai ce ta gano shi. Wannan tarbiyya ba ta uba ba ce, ta ofishin talla ce.

Ba wanke Joe nake yi ba. Ya doki 'ya'yansa, kuma ba ƙagen maƙiya ba ne. Michael ya faɗa wa Oprah Winfrey a 1993 cewa akwai lokacin da ganin mahaifinsa kawai ke tayar masa da zuciya. A 2003 ya sake cewa uban kan zauna a kujera da bel a hannu yana kallon su suna gwajin rawa, wanda ya kuskure taku ya sha. Joe da bakinsa ya amsa a wata hira da BBC a wannan shekarar cewa ya zane shi da tsumagiya da bel, sai dai shi a wurinsa wannan ba duka ba ne, duka sai da sanda. Kafin Motown ma, shi ke kwasar su da dare zuwa gidajen rawa na Gary da Chicago, har da irin waɗanda mata ke tuɓewa, yaro ɗan shekara takwas ko tara na tsaye a gefen dandali yana kallo, da safe kuma ya tafi makaranta.

Masu kare shi suna da hujjar da ba za a yar ba. Baƙar fata ne da aka haifa a Arkansas a 1928, ya yi dambe bai kai ko'ina ba, ya yi kiɗa da wata ƙungiya bai kai ko'ina ba, ya zauna yana tuƙa injin ɗaga kaya a masana'antar ƙarfe yana ciyar da yara tara. Gary gari ne da kamfanin U.S. Steel ya kafa a 1906, kuma da harkar ƙarfe ta fara mutuwa garin ya bi ta. Ya ga abin da titi ke yi wa yaran unguwa, ya ga abin da masana'anta ke yi wa manyansu, ya ce nasa ba za su bi ko ɗaya ba. Wannan tsoro na gaskiya ne, na kuma yarda shi ya tsayar da yaran a kan gwaji kullum har suka ci gasar gidan wasa na Apollo a New York a 1967.

Inda na rabu da su shi ne cewa bulala ce ta haifi muryar. Bel ɗin nan bai zaɓi baya ba, su biyar ya bi, amma Michael ɗaya aka samu. Abin da ya sa ya bambanta da yayyensa ba daga hannun uba ya same shi ba. Shi da kansa ya sha faɗa cewa makarantarsa ita ce bayan labule, inda yake tsayawa yana kallon ƙafar James Brown da Jackie Wilson, yadda suke juyi, yadda suke riƙe abin magana, lokacin da suke sakin murya da lokacin da suke danne ta. Yaron da ke haddace irin wannan da ido ba tsoro ke tura shi ba, so ne. Kuma a cikin Motown ɗin akwai shaida. Stevie Wonder ya shiga kamfanin yana ɗan shekara 11, ya hau matsayi na ɗaya da "Fingertips" a 1963 yana da 13, ba a kuwa taɓa ba da labarin wani uba da ya tsaya a kansa da bel ba. Masu cewa ba don bulala ba, waɗanda suka tsira kawai suke ƙirgawa. Ba su taɓa zama sun lissafa yara nawa aka zane a kan kiɗa ko karatu ko sana'a suka tashi ba su da komai sai tabo ba, domin waɗannan ba a yin fim a kansu.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. A takarda yake saƙar. Masu rubuta tarihin gidan sun nuna cewa kason da Motown ke ba yaran bai kai kashi 3 cikin ɗari na kuɗin faifai ba, kuma wannan ne za a raba biyar. Ba su ke rubuta waƙoƙinsu ba, ba a yarda su rubuta ba, don haka kuɗin marubuci, wanda shi ne ke ci gaba da zubowa duk lokacin da aka sa waƙa a rediyo, ba ya bi ta ƙofarsu. Yana tafiya wurin The Corporation da kamfanin Jobete mai riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙin, wanda shi ma na Gordy ne. Sun rera ɗaruruwan waƙoƙi, fiye da rabi ba a fitar ba a lokacin, kuɗin ɗaukarsu kuwa daga kasonsu ake cirewa. Aka buga hotonsu a kan kayan yara iri-iri. A 1971 aka fara wasan zane da sunansu a talabijin, muryoyin da ke magana a ciki ma ba nasu ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a nan gardawan biyu ne, ɗaya a gida da bel, ɗaya a ofis da alƙalami, na ofis ɗin kuma ya fi cin kasuwa nesa ba kusa ba.

Michael ya ba da labarin cewa akwai filin wasa a tsallaken ɗakin da suke ɗaukar sauti. Yakan ji hayaniyar yara suna wasa, shi kuma yana ciki ana cewa a sake, a sake, har dare. A wannan lokacin ba uban ne ke cewa a sake ba. Motown ta riga ta karɓi ragamar, ta kwaso su zuwa Kaliforniya, ta ɗora ma'aikaciyarta Suzanne de Passe a kan suturarsu da maganarsu da yadda za su tsaya a gaban kyamara, Michael har ya zauna na wani lokaci a gidan Diana Ross. Shekarun da aka fi matse yaron, a hannun kamfani aka matse shi.

Da suka girma suka buɗe ido, a 1975 suka sanar za su koma kamfanin Epic, wanda ya ba su kaso ninkin-ba-ninkin na Motown. Nan suka tarar da abin da ke cikin takardar da aka sa wa hannu tun suna yara: sunan Jackson 5 ba nasu ba ne, Motown ta yi masa rajista. Sunan ubansu ne, su biyar ne, amma ba su da ikon fita da shi. Dole suka koma The Jacksons. Jermaine, wanda ya auri Hazel 'yar Gordy a 1973, ya tsaya wurin surukinsa, ƙaninsu Randy ya maye gurbinsa. Wato takardar ba kuɗi kaɗai ta ci ba, har gidan ta tsaga. Abin ban haushi, Joe ɗin da ake zagi shi ya ja su suka fita, shi ya tsaya ya ce wannan kaso zalunci ne. Ya makara da shekara bakwai, amma shi ya faɗa.

Za a ce mini ai Gordy ba ɓarawo ba ne, kuma haka ake yi a zamanin. Na ji. Mutumin da ya ranci dala 800 a wurin danginsa a 1959, ya kafa kamfani mallakar baƙar fata a ƙasar da gidajen rediyo da yawa ba sa sa waƙar baƙi, ya kai yaran Detroit har gidajen Turawa, ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya zuba kuɗi a kan waɗannan yara lokacin da ba wanda ya san su, in da waƙar ta faɗi shi zai yi asara. Kuma in aka kwatanta da wasu, nasa da sauƙi. Frankie Lymon yana ɗan shekara 13 ya girgiza Amurka a 1956, daga baya sunan mai kamfani, Morris Levy, ya bayyana a matsayin marubucin waƙarsa, shi kuwa ya mutu a 1968 yana da shekara 25, ƙwaya ta kashe shi, ba shi da abin kirki. Duk wannan gaskiya ne. Amma cewa haka ake yi ba amsa ba ce, ita ce ƙarar da nake kawowa. Babba in ya sa hannu a mugun ciniki, ya ga dama ne, ko yunwa ta sa shi, ko ya yi wauta, duk dai shi ya sa. Ɗan shekara 10 bai sa hannu a komai ba. An sa masa. Stevie Wonder da ya cika 21 a 1971 ya bar yarjejeniyarsa ta ƙare, ya dawo da lauya, ya karɓi ikon rubuta waƙoƙinsa da mallakarsu, kuma Motown ta yarda. Ashe kuɗin yana nan tun da can, wanda zai tsaya ya nema ne babu.

Shi ya sa nake ganin wannan magana ta hukuma ce, ba ta tarbiyyar gida kawai ba. Uba nagari da uba mugu duka suna iya zama jahilai a gaban takarda mai shafi da yawa, duka suna iya jin yunwa. Amurka ta san da haka tun da daɗewa. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya tara miliyoyin daloli, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye, ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Saboda shi jihar Kaliforniya ta yi doka a 1939 ta ajiye wa yaro wani ɓangare na abin da ya samu. Dokar ta zo da ramuka da yawa, sai a shekarar 2000 aka gyara ta aka ce kuɗin na yaron ne ba na iyayensa ba, kuma kashi 15 cikin ɗari dole a kulle masa a asusu har ya girma. Dokar tarayya ta 1938 da ta hana sa yara aiki kuwa, tun farko ta cire yara masu wasa a fim da dandali. An hana yaro ɗaukar kaya a masana'anta, an bar shi ya kwana yana waƙa. Ko wannan kashi 15 ɗin, in ka duba, daga abin da ya isa hannun yaro ake cire shi. Ba ya tambayar ko abin da kamfani ya ba shi tun farko adalci ne.

Wani zai ce to sai mu daina jin waƙar? A'a. Ni ban ga abin da ƙauracewa za ta ƙara wa yaron da ya rera ta ba, ya rasu tun 25 ga Yuni 2009. Kuma ba na cikin masu ɗauko yarintarsa su wanke duk abin da aka zarge shi da shi daga baya. Kotu ta sallame shi a 2005, zarge-zargen sun ci gaba bayan mutuwarsa, wannan wata shari'a ce daban, bulalar uba ba ta yanke ta ta kowane gefe ba. Waƙar dai aiki ce mai kyau ƙwarai, shi ya sa Jay-Z ya ɗauki kiɗanta ya ɗora tasa a 2001, shi ya sa wani fim na Marvel ya rufe da ita a 2014 yara da ba su san 1969 ba suka tashi suna rawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an biya kuɗi, kuma mafi tsoka ya tafi wurin masu riƙe da takarda. Michael ya fahimci wannan fiye da kowa. A 1985 ya fitar da dala miliyan 47.5 ya sayi kamfanin ATV mai mallakar yawancin waƙoƙin Beatles. Mutane suka ce ya ci amanar abokinsa Paul McCartney, ɗan ƙungiyar ta Beatles. Ni abin da na gani shi ne mutumin da aka koya wa tun yana ƙarami cewa mai rerawa ɗan aiki ne, mai takarda shi ne maigida.

Yau ba a bukatar Motown kafin a mai da yaro kasuwa, waya ɗaya ta isa. A Amurka iyalai na tara kuɗi a YouTube da TikTok da kukan 'ya'yansu da dariyarsu da rashin lafiyarsu, kuma an daɗe dokar Coogan ba ta shafe su ba, tunda babu kamfanin da ya ɗauki yaron aiki, uwa ce ko uba ke riƙe da kyamara. Jihar Illinois, maƙwabciyar Gary, ita ta fara toshe wannan rami da dokar da ta soma aiki a Yuli 2024. Ta ce in yaro ɗan ƙasa da shekara 16 yana fitowa a wani kaso mai yawa na bidiyon da ake samun kuɗi da shi, dole a ware masa rabonsa a asusu, in ba a yi ba yana da ikon kai iyayensa kotu in ya girma. Mu ma a nan mun san irin yaran. Yarinya mai bakin magana da ake haddace wa barkwanci, yaro mai murya da ake tsayarwa ya rera a sa a intanet, dubban mutane na tura wa juna suna cewa Allah ya yi baiwa. Wayar ta yayansa ce, asusun da sunan kawunsa, mai talla kuma da babba yake ciniki. In wani ya tambayi ina kuɗin yaro, sai a ce masa ai gida ake ci da su, kai wa ya sa da kai.

Ba na cewa gida kada ya ci. Gidan Jackson sun ci, sun bar ɗaki biyu sun koma katafaren gida a unguwar Encino ta Los Angeles a 1971, ba kuma wanda zai ce haramun ne. Abin da nake nema shi ne a samu mutum na uku a wurin sa hannu, wanda ba uba ba, ba mai kamfani ba, wanda aikinsa kawai ya karanta takardar a madadin yaron: alƙali, ko lauyan da hukuma ta naɗa. Ya duba kaso, ya duba sa'o'in aiki, ya duba sunan wa ke kan asusu, ya kuma tabbatar cewa duk yarjejeniyar da aka ƙulla a kan ƙaramin yaro tana faɗuwa ranar da ya balaga a idon doka, sai in shi ya sabunta ta da hannunsa. A watan Yuli 1968, lokacin da aka ajiye wa Joe Jackson takardar Motown a Detroit, lauyan da ke cikin ginin na kamfani ne.